Fitila a Waje, Mu a Duhu

Ni dai ban taɓa haɗuwa da mutumin da ke ba ni haushi kamar mijin yayata ba, Ajimi mai wankin hula na unguwar Lamisula. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Da mugu ne ma da an huta, a zage shi a wuce. Shi irin mutanen nan ne da za ki yi ta magana har muryarki ta dishe, yana kallon ƙasa yana gyaɗa kai, ki ɗauka ya ji, gari na wayewa ki tarar ya yi abin da ya yi niyya tun farko. Saboda shi na yi bazara guda cur ina girki a duhu, ina laluben gishiri da yatsa, alhali fitilar da ta fi kowace haske a lungun tamu ce, tana rataye a waje tana haska wa mutanen titi.

A unguwar Abbaganaram aka haife shi, kuma a kan wankin hula ya buɗe ido, don sana'ar babansa ce. Rumfarsa tana bakin titi: bokitai, buroshi, kwanon ƙaro, da jerin katakan nan masu kamar kan mutum da ake kifa huluna a kai su bushe. Hula ɗaya sai ya yi ta juya ta yana leƙa zarenta kamar zai aure ta. Masu huluna su zo su yi masa faɗan jinkiri, ya gyaɗa musu kai, mako mai zuwa su sake kawo wasu.

Yadda ya auri yayar tawa, Ya Kaltum, ma abin haushi ne. A lokacin tana suyar fara a bakin kasuwa. Kullum da la'asar sai ya zo ya tsaya, ya saya, ya ce, "A ƙara yaji," ya tafi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana haka ba, na dai san har muka saba da shi kamar yadda ake sabawa da turken wuta. Sai bayan an ɗaura aure muka gano fara ba ta karɓe shi ba sam, ƙaiƙayi take sa shi, yara yake ba wa a hanya. Ita kuwa Ya Kaltum duk abin da ya rasa na baki Allah ya ba ta. Dariyarta daga tsallaken titi ake ji. Ta san wanda ya haihu, ta san wanda ya saki matarsa, ta san wanda zai mayar da ita. 'Yarsu ɗaya, Ammatullahi, da muke kira Amma, tana aure a Damaturu, kuma a shekarun nan hanyar ba ta biyuwa sai dole.

Ranar da bam ya tashi a bakin kasuwa, kasko yana kan wuta a gabanta. Ƙarfen bam bai taɓa ta ba. Man ne. Tafasasshen mai ya watsu mata a gefen fuska, da wuya, da kafaɗa, har hannu. Ta daɗe a asibiti fuskarta a naɗe da bandeji. Da aka sallame ta na rufe ɗakina a unguwar Mairi, na kwaso tukwanen turaren wutar da nake haɗawa ina sayarwa, na dawo gidansu jinya. Maigidana direba ne, rabin wata yana hanyar Kano, bai hana ni ba.

Ciwon jikin yana warkewa a hankali. Abin da ya ƙi warkewa daban ne. Tun ranar da aka kwance bandejin ta karɓi madubin wata mai jinya ta duba, Ya Kaltum ta yanke cewa ba wanda zai sake ganin fuskarta. Ni kaɗai ta yarje wa, don ni ke wanke wurin ina shafa magani. 'Yan dubiya su zo, su zauna a tsakar gida, su yi gaisuwa da bango su tafi. Mijinta ma bai tsira ba. Da ta ji takunsa sai ta ja lafaya ta rufe kai, ta juya wa ƙofa baya. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Kaltum, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Baban Amma." Shi ke nan hirar. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure da kwana. Na sha ce masa, "Yaya Ajimi, ka shiga mana! Matarka ce, ba surukarka ba." Sai ya gyaɗa kai, ya tafi zaure.

Ɗakin nata taga ɗaya gare shi, kuma lungu take kallo, daidai kan mai wucewa. Akwai raga a jikinta saboda sauro, akwai labule. Da rana ba matsala, hasken waje ya fi na ciki, duk wanda ya kalli tagar baƙi kawai zai gani. Da magariba ne abin yake juyewa. Wutar lantarki a lokacin sai dai labari, don haka 'yar fitilar ƙwai nake kunna mata. Wata rana bayan magariba na ɗage labulen don ta sha iska, fitila tana ci a gefen katifa, ita kuma ta sauke lafaya tana shan kunu. Wasu mata biyu suka zo wucewa. Ɗaya ta waiga, ta tsaya cak.

"Innalillahi! Kaltum ce wannan?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, tausayi ne ya kuɓuce mata. Amma da ta zage mu ma da ya fi sauƙi. Ya Kaltum ta ajiye kofin, ta ce in saki labule, in rufe murfin tagar na ƙarfe, in kashe fitila.

Wanda ya san bazarar garin nan ya san abin da ake nufi da rufe taga a ɗakin kwano. Mai lafiya ma ba ya iyawa, balle mai sabuwar fata. Wurin ƙunan ya kama ƙaiƙayi, ta yi ta susa cikin barci, ya koma yana ruwa. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta yi mini tatas, ta ce iska wurin yake so, in ba haka ba za a koma asibiti. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na gwada rataye tsohon mayafi mai shara-shara, ta ce ana ganin inuwarta. Na jingina zana daga waje, awaki suka cinye gindinsa, kuma iskar ma ya tare. Ta rage cin abinci. Kwance kawai take a duhu tana zufa, ni ina yi mata fifita har hannuna ya sage. Shi kuwa gogan naku ya dawo daga rumfa, ya tsaya a lungu ya yi ta kallon rufaffiyar tagar nan kamar yadda yake kallon hula.

Ran nan sai ga shi da wata ƙatuwar fitila mai caji, fara fat, daga shagon Stanley mai kayan lantarki. Raina ya yi fari. Na ce yau dai mutumin nan ya yi abin kai, zan ga abin da nake dafawa. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya wuce ni ya fita waje. Ya buga ƙusa a bango a saman tagar. Ya ɗauko wani tsohon kwanon ƙaro da ya yanke gida biyu, ya yi wa fitilar rumfa ta baya da ta ƙasa, yadda ko ɗigon haske ba zai faɗa cikin ɗaki ba. Ya rataye ta tana kallon lungu, ya kunna.

"Yaya Ajimi, lafiyarka kuwa?"

"Muhsinat, shiga ki buɗe taga. Ki zauna a bakinta. Kada ki kunna komai."

Ya Kaltum ta matsa can lungun ɗaki ta dunƙule, ni na zauna a bakin taga. Mutumin nan ya dinga kai da komo a lungu, ya je ya dawo, ya durƙusa, ya yi ɗage, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa raga, yana ƙifta ido saboda haske. Na yi masa gwalo. Na ɗaga masa yatsu biyar. Ko gezau.

"Kina nan?" ya tambaya.

"A'a, na tafi Makka."

Sannan ya ce in fito in gwada da kaina. Na fita, na kalli tagar, idona ya cika da haske, ragar ta yi fari kamar an shafa mata alli. Bayanta kuwa ba komai. Na tambaye shi wa ya koya masa wannan. Amsar da ya ba ni ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"A shingen sojoji. In dare ya yi sai su ce a kunna fitilar cikin mota. Su kuma suna bayan tocila. Suna ganinmu, ba ma ganinsu. To na juya abin."

A daren Ya Kaltum ta yarda aka bar taga a buɗe. Iska ta shigo, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Wannan kam na ba shi, ban hana shi ba.

Amma sai doka ta biyo baya. Ƙofar ɗakin tana fuskantar tagar, kuma dole a bar ta a buɗe don iska ta ratsa. Duk hasken da aka kunna a tsakar gida zai fito da inuwar mai ɗaki a jikin raga. Saboda haka ba fitilar ƙwai, ba kyandir, ba tocilar waya. Murhu ma sai da ya janye shi bayan randa, ya kare shi da langalanga. Na ce to da me zan ga girki? Ya ce in gama da rana. Da rana! Kamar ba ni ce mai wankin ciwo ba, ba ni ce mai bin layin ruwa ba, ba ni ce mai kai wa mata turare gida-gida ba. Ita kuma maras lafiyar ba ta iya cin komai sai rana ta faɗi jiki ya yi sanyi. Na zuba sukari a miyar kuka. Na taka kwano na yi ɓarin burabusko. Na yi tuntuɓe da turmi har farcen babban yatsana ya fita. Duk ya ji, duk ya gyaɗa kai.

Da iyakar wahalar ke nan da na haƙura. Abin da wannan gwanin bai lissafa ba shi ne, a garin da ba wuta, in ka rataye haske a waje ka aika wa kowa goron gayyata ne.

Ƙwari suka fara zuwa, bayansu ƙadangaru. Sai yara, don makarantu a rufe suke an zuba 'yan gudun hijira a ciki, ba abin da suke yi sai langa da tsalle-tsalle. Sai wata dattijuwa, Inno, wadda ta gudo daga Bama da kayan jikinta kawai, ta ga haske kyauta, ta aro kasko ta kafa murhu tana suyar fara, daidai gaban tagar. Fara fa! Duk sana'o'in duniya. Sai Ba'ana tela da abokansa suka kawo benci da ludo. Sai mai shayi ya matso da teburinsa. Da 'yan gora masu sintirin sa-kai suka ga taro ya yi yawa, kuma taro a shekarun nan abin tsoro ne, sai su ma suka kafa nasu bencin a bakin lungu suna laluba duk baƙon da zai shigo. Har Bulama, mai unguwarmu, ya tako da kansa ya riƙe hannun Ajimi yana sa masa albarka, wai ya taimaki jama'a.

Na ce masa, "Ka gani ko? Da, mutum biyu uku ne ke wucewa su waiga. Yanzu ka kwaso Lamisula kaf ka zube mata a gindin taga. Gobe sai ka kira masu ganga."

Ya gyaɗa kai. Washegari da safe ya ɗauki fitilarsa ya kai shagon Stanley a yi mata caji da janareta, da magariba ya dawo da ita ya rataye.

Shi kansa wurin zama ya yi wa kansa. Da an idar da sallar magariba sai ya ɗauko kujerar tsuguno ya ajiye ta a tsakiyar hasken, inda ƙwari suka fi zuba. Ba ya ludo, ba ya shan shayi, ba ya hira. Ƙwari na faɗa masa a wuya yana kaɗewa. Na ce ya matsa gefe mana, ga inuwa can. Ya ce nan ya fi. In lokacin dokar hana fita ya gabato, kowa ya watse, sai ya sauke fitilar, ya kashe ta tun a waje, sannan ya shigo da lalube ya ce, "Kaltum, ya jiki?"

Sau ɗaya aka kusa samun matsala. Ƙwayar ludo ta faɗi ta gangara gindin bango, Ba'ana ya kunna tocilar waya yana nema, hasken ya fara hawa bango zai kai ga raga. Ajimi, mutumin da tun da nake ban taɓa ganin tsakar kansa ba, ya fizge hularsa ya kifa a kan wayar. Ya tsaya kai ba hula a gaban jama'a, sanƙo yana ƙyalli. Ba'ana ya kashe wayar a ƙarƙashin hular, ya ce, "A yi haƙuri, Malam Ajimi." Daga ranar ba wanda ya sake kunna tocila a lungun. 'Yan gora ma in za su duba kayan mutum sai su jawo shi ƙarƙashin fitila.

Ni duk wannan bai sanyaya mini rai ba. Hayaniya, hayaƙin suya, ihun 'yan ludo, ga ni a baya ina dafa abin da ban gani ba. Kullum ina jiran ranar da Ya Kaltum za ta ce a rufe taga ta gaji.

Sai aka wayi gari an rufe kasuwa saboda wata jita-jita, Stanley bai buɗe shago ba, fitila ba caji. Magariba ta yi, lungu ya yi duhu ɗulum. Yara suka leƙo suka koma. Inno ta zo da kaskonta a ka, ta tsaya, ta juya. Na ce alhamdulillahi, yau kunnena zai huta. Na kai wa Ya Kaltum tuwo, na tarar da ita zaune a bakin taga, fuskarta dab da raga.

"Yau ba za su zo ba?"

"Su wa?"

"Mutanen."

"Allah ya raba mu da su. Ci abincinki."

Ta ture kwanon. "Jiya Ba'ana ya ce yau zai rama cin da aka yi masa. Kuma cikin matar mai shayi ya kai wata tara, ina son in ji ko ta sauka."

Na saki baki. Ashe duk tsawon lokacin da nake bayan randa ina tsine wa taron nan, ita tana zaune a duhu tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kallon talabijin. Ta san wanda ke satar ƙwaya a ludo. Ta san yarinyar da ke zuwa sayen fara sau uku don wani ɗan gora. Ta ce, "Muhsinat, tun daga asibiti kowa ni yake kallo. Nan ne kaɗai ni nake kallon mutane." Sannan ta ƙara da cewa, "Shi ma ya rame. Kin lura rigarsa ta yi masa yawa?"

Sai a lokacin na gane dalilin kujerar tsuguno a tsakiyar ƙwari. Haushi ya sake kama ni, har da ita wannan karon. Mutum biyu, bango ɗaya tsakaninsu, ɗaya ya zauna a haske don a gan shi, ɗaya ta zauna a duhu tana ganinsa, ba mai cewa komai, ni ce a tsakiya da farce a cire.

Da fitila ta dawo washegari, taro ya dawo har ya fi na da. Ina wanke-wanke sai na ji wata murya da na kusa mantawa, ta cika ɗakin ta fita ta taga.

"Ke baiwar Allah! Wa ya ce miki ana zuba fara mai bai yi zafi ba? Jiƙa ta kike yi ko suya? Kuma ba ki cire fiffiken da kyau ba, tun daga nan nake gani!"

Lungu ya yi tsit. Na ce yanzu kowa zai juyo ya zuba wa tagar ido. Ba wanda ya juyo. 'Yan ludo suka ƙura wa allonsu ido kamar yau suka fara ganinsa. Inno, ba tare da ta ɗago kai daga kasko ba, ta gaishe ta da yarensu ta ce, "Wushe, Ya Kaltum. To ni a garinmu manomiya ce, ban taɓa suyar sayarwa ba. Sai ki faɗa mini."

"Bari man ya fara hayaƙi tukuna. Lemon tsami kina da shi?"

"Babu."

"Muhsinat! Miƙa mata lemon tsami!"

Ni da lalube, a duhu, na nemo lemon tsami.

Daga nan bakin Ya Kaltum ya buɗe. Kullum tana bayan raga tana ba da umarni. Farar Inno ta yi suna har daga wasu unguwanni ake zuwa saye. Ta raba gardamar ludo, ta yi wa matar mai shayi barka, ta tsokani yarinyar nan mai sayen fara sau uku har ta daina zuwa sai da rakiya. Mutane suna amsa mata suna kallon gabansu, kamar an yi taro an yanke haka, alhali ba wanda ya tara kowa. Ta koma cin abinci, ciwon ya bushe.

Na tare Ajimi a zaure na ce, "Faɗa mini gaskiya. Da ma ka san za su taru? Shirinka ne?"

Ya girgiza kai, karo na farko da na ga kan nan ya tafi gefe maimakon ƙasa. "Ni so nake kada a gan ta kawai. Da na san za a taru da ƙarama na saya."

Kun ji fa. Ko yabon ma bai iya karɓa ba.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Da an watse, ya kashe fitila a waje, ya shigo, sai lafaya ta koma kai, baya ya koma ga ƙofa. Matar da ta gama cika lungu da murya sai ta koma "Da sauƙi, Baban Amma." Na yi mata magana ta ce in fita harkarta. Ta ce mutanen waje muryarta suka sani, shi kuwa fuskarta ya tsaya yana kallo a bakin kasuwa, ba fara ba. Ta ce gara ya riƙe waccan. Na fita na huce a kan tukwane.

Aka yi ruwan farko, gari ya ɗan yi sanyi. A daren an watse da wuri saboda laka. Ina tsakar gida ina kwashe shanya na ji ƙarar ƙusa, alamar yana sauke fitila. Sai muryarta, ba irin ta umarni ba, ƙasa-ƙasa.

"Baban Amma."

"Na'am."

"Kada ka kashe. Shigo da ita."

Na ɗauka ma bai ji ba. Sannan haske ya taho ta zaure, ya ratsa tsakar gida. Tun da aka kafa dokar, ranar na fara ganin tsakar gidan nan da dare, na ga turmin da ya cire mini farce, na ga inda na yi ta zubar da miya. Na ruga na riga shi shiga, na saki labule, na fito na raɓe a bayan ƙofa. Ba laɓe na yi ba, shanya nake ninkewa.

Tana zaune a kan katifa, lafayar tana kafaɗa, ba ta ja ta ba. Ta ɗago masa gefen da ya ƙone, ta runtse ido. Ya ajiye fitilar a ƙasa, ya durƙusa a gabanta. Ya yi ta kallonta, a hankali, yadda yake yi wa hulunan da masu su ke zaginsa a kai. Na yi ta addu'a Allah ya sa mutumin nan, sau ɗaya a rayuwarsa, ya faɗi magana mai daɗi.

"Kin rame," ya ce.

Ta buɗe ido.

"Girkin Muhsinat ne," ya ƙara da cewa. "Tun da ta zo ban ci miya mai gishiri daidai ba."

Ya Kaltum ta fashe da dariyar nan tata ta bakin kasuwa, wadda ake ji daga tsallaken titi, tana yi hawaye na bin tabon, shi kuma ya sa bakin hannun rigarsa yana share mata. Ni da na yi bazara guda ina girki a duhu saboda dokarsa! Na koma bayan randa na zauna a kan turmi, na toshe bakina da zanen da ke hannuna don kada su ji kukana.

A daren bai ɗauki tabarmarsa ba, ni ce na kwana a zaure. Maganar gishirin kuwa har yau ban yafe masa ba, kuma na faɗa masa. Ya gyaɗa kai.